Kakana furodusa ne a gidan talabijin, amma babur ya bari: mene ne aikinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune Mabera, cikin garin Sakkwato. Kakana, Allah Ya jiƙan shi, ya yi aiki gidan talabijin na nan garin tun lokacin da mafi yawan akwatunan mutane baƙi da fari ne. Cikin takardun da ya bari munka ga an rubuta cewa shi furodusa ne. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, a finafinan Hausa na yanzu furodusa shi ke zuba kuɗi, shi ko kakana ma'aikacin gwamnati ne mai jiran albashi, har ya rasu babur gare shi. To mine ne aikin nashi? Kuma don mi munka bincika YouTube ba mu ga ko shiri guda nashi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan kakanki, Ya sa ya huta. Babur ɗin nan bai ba ni mamaki ba, domin akasarin furodusoshin wancan zamani haka suke. Sunan ne ɗaya, aikin daban. A kasuwar fim, furodusa shi ne mai nemo jari, ya ɗauki darakta da 'yan wasa, in an ci riba tasa ce, in an faɗi shi ke kwana da bashi. A gidan talabijin na gwamnati kuwa, bisa tsarin da muka gada daga Ingila, furodusa ma'aikaci ne da aka damƙa wa shiri. Kuɗin na hukuma ne, kayan aikin na hukuma ne. Abin da ke wuyansa shi ne rabin sa'a ko sa'a guda a kowane mako, wadda dole ya cike ta da abin kallo, ko da lafiya ko babu, ko an saki kuɗi ko ba a saki ba. Sau da yawa shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne kuma mai zuwa roƙon mota.

Kafin ki gane irin tunanin mutanen nan, sai kin san cewa talabijin ba ita ce ta fara kawo mana hoto mai motsi ba. Majigi ce. A 1939 Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda asalinsa jami'in tsafta ne a Legas. Mota ce za ta shigo gari da janareto da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko filin makaranta, in duhu ya yi a haska. Gefe guda ga mai sharhi da lasifika yana bayani da Hausa, kuma sau tari shi ne ke sa wa fim ɗin gishiri. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta, rigakafi, noman gyaɗa da auduga, sai daga baya rangadin shugabanni. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan aiki, ta riƙe nata sashen fim a Kaduna. Daga nan aka samo aƙidar da ta bi mutanen talabijin har ƙarshen aikinsu, wato hoto abin wayar da kai ne kafin ya zama abin nishaɗi. In kika ji tsoffin ma'aikata suna cewa “ilmantarwa, faɗakarwa da nishaɗantarwa”, ki lura da wanda suke sawa a ƙarshe.

Ita talabijin ta fara a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, a gwamnatin Obafemi Awolowo. Inugu ta biyo baya a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar rediyon ta iso mana nan tangaram, hoton kuwa bai iso ba, domin hoton talabijin ba ya cin zango mai nisa kamar gajeren zangon rediyo. Sai da aka yi jihohi 12 a 1967, Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, kuɗin mai suka shigo, sannan jihohi suka shiga rige-rigen kafa nasu gidajen. A tsakiyar shekarun 1970 Sakkwato ta samu nata. Ba a jima ba gwamnatin tarayya ta karɓe dukkan gidajen talabijin na ƙasar, ta haɗe su da dokar soja mai lamba 24 ta 1977, wadda ta kafa NTA, hukumar talabijin ta ƙasa. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne kuma ma'aikata suka samu ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, mutane da yawa suka sayi akwatin farko. Gidan da ke da akwati a unguwa, da magariba ta wuce ƙofarsa ta zama dandali.

To a wannan yanayi kakanki ya yi aiki. Bari in kwatanta miki makonsa, a ce wasan kwaikwayo aka ba shi. Zai fara da labari, wanda galibi ba rubutacce ba ne kalma da kalma. Takarda ɗaya ko biyu ce mai nuna fitowa ta farko, ta biyu, ta uku, da inda ake son maganar ta dosa. 'Yan wasan kuma ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, akawuna, masinjoji, 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na gari, sai an tashi aiki suke haɗuwa a yi gwaji. Shi zai rubuta takardar neman alawus ɗinsu, ya bi ta ofis-ofis. Shi zai aro rawani da alkyabba da tabarma da ƙwarya. Shi zai nemi a ba shi ranar shiga sitidiyo, domin ɗakin ɗaya ne, masu labarai da masu shirin yara da masu wa'azi duk shi suke jira. Samun mace ta fito a akwati kuwa wani yaƙi ne daban, sai ya je gida ya durƙusa gaban uba ko miji ya yi bayani. Kuma a garin Shehu yake, inda Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ke kan gado, malamai na kallo, iyaye na kallo. Kalma ɗaya ta kauce, kafin gari ya waye ta kai Kanwuri, fadar Sarkin Musulmi. Sanin abin da za a faɗa da yadda za a faɗe shi ba tare da an ci mutuncin kowa ba, ni a wurina shi ne rabin aikin.

Ranar ɗauka, yana cikin ɗakin sarrafawa, ƙananan akwatuna jere a gabansa, kowanne na nuna abin da kyamara ɗaya ke gani. Kyamarorin manya ne, kan ƙafa mai taya, biyu ko uku. Yana magana a kunnen masu ɗaukar hoto: ta ɗaya matsa kusa, ta biyu shirya, yanke. Ana wasan ana tacewa, a lokaci guda. Shirye-shirye da yawa kai tsaye suke fita, in ɗan wasa ya manta magana duk gari ya gani. Ko wanda ake naɗa ma, yanka faifan bidiyo na farko, mai faɗin inci 2, aiki ne mai wuya da tsada, don haka ake ɗaukar fitowa guda daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ki ƙara da fitilun sitidiyo masu zafi kamar maƙera, a watan Afrilu, a garin da zafinsa ke wuce digiri 40. In za a fita waje, a ce bikin kamun kifi na Argungu ko hawan salla, da kyamarar fim mai milimita 16 ake zuwa. Naɗi ɗaya mai ƙafa 400 minti 11 kacal yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Mutumin da ya koyi aiki a haka ba ya danna kyamara sai ya gama ganin hoton a zuciyarsa. Daga baya kaset ɗin U-matic na kamfanin Sony, wanda ya fito a 1971, ya iso gidajenmu ya sauƙaƙa fita waje.

Kada ki ɗauka gidan Sakkwato ƙaramin wuri ne a wannan tarihi. Peter Igho, haifaffen Jos, a nan ya fara aikin furodusa a tsakiyar shekarun 1970. A 1978 NTA ta shirya gasar wasan kwaikwayo tsakanin gidajenta, wasansa mai suna Moment of Truth, wanda aka shirya a Sakkwato, shi ya zo na ɗaya, ya doke na gidajen da suka girme gidan Sakkwato da shekaru fiye da goma. Wannan nasara ce ta sa aka damƙa masa Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, aka ɗauka a yankin Jos, bankin UBA ya ɗauki nauyi. Manufarsa jawo hankalin mutane su koma gona, a lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ke kiran a bunƙasa noma. Kin ga aƙidar majigi ba ta mutu ba, riga kawai ta sake. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya fito a matsayin Bitrus a wasan, shi ma ya yi aiki a gidan Sakkwato. Igho ya ci gaba har ya zama babban darakta mai kula da shirye-shirye na NTA baki ɗaya. A ɓangaren Hausa kuwa, ki tambayi duk wani dattijo a garin nan labarin wasan kwaikwayon Idon Matambayi, ki ga yadda fuskarsa za ta sake.

Ta fuskar fim na sinima, sunan da ya kamata ki riƙe shi ne Adamu Halilu. Ya yi karatun fim a Landan, ya yi aiki a sashen fim na gwamnatin Arewa yana shirya finafinan wayar da kai, sannan a 1976 ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa. Bayansa ya yi fim kan Kanta na Kabi, da tallafin gwamnatin Jihar Sakkwato, lokacin ƙasar Kabi na cikinta. Shi ma dai da kuɗin hukuma ya yi. Furodusa mai zuba kuɗin aljihunsa, irin wanda kika sani, sai bayan da kaset ɗin bidiyo ya yi araha ya bayyana, daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Su ma waɗannan, a wasannin talabijin suka ga hanya.

Tambayarki ta biyu ita ce mai ciwo. Wanda ya fita kai tsaye ba a naɗe shi ba tun farko, ya bi iska. Wanda aka naɗa kuma, faifai tsada gare shi, daga waje ake sayo shi, kuma amfaninsa shi ne ana iya gogewa a sake naɗi. In mako ya zagayo babu sabon faifai, sai a ɗauko na makon jiya a hau kansa. Ba mu kaɗai ba ne, BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970 saboda wannan dalili. Wanda ya tsira daga gogewa sai ya haɗu da zafi da ƙurar hunturu da danshin damina. Faifan bidiyo in ya daɗe yakan yi danƙo ya liƙe, fim kuma ya fara warin tsami ya ƙanƙance. Na'urorin da ke karanta su ma an daina ƙera su. Abin da ya fi damuna ba wasannin kwaikwayo kaɗai ba ne. A waɗancan shekarun Musa Ɗanƙwairo na raye, Ɗan Anace na raye, dattawan da suka ga shigowar Turawa Sakkwato a 1903 suna yara, wasunsu na raye. Duk wanda ke riƙe da kyamara a lokacin yana da damar da ba za ta dawo ba, kuma duk faifan da aka goge ya tafi da wani abu irin wannan.

Duk da haka kada ki yanke ƙauna. Ki fara da akwatin takardun nan. Ki duba ko akwai jadawalin shirye-shirye, takardun neman alawus, rubutun wasa, hotuna. A nan za ki samu sunayen shirye-shiryensa da shekarunsu, domin ba da sunan furodusa ake ajiye faifai ba, da sunan shiri ne. Da wannan sai ki rubuta takarda zuwa ɗakin adana faifai na NTA Sakkwato, ki kuma leƙa Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu. Sannan ki nemi abokan aikinsa da suka rage, masu ɗaukar hoto da injiniyoyi da tsoffin 'yan wasa. Mahaifinki ko kakarki za su san wasu, wanda kika samu zai kai ki ga wani. Ki je da wani babba daga gidanku, ki gaishe su yadda ya kamata, ki nemi izini ki naɗi hirar da wayarki. Wasunsu sun kwafi wasannin da suka fito a ciki a kaset ɗin VHS, yana nan cikin adaka. In kika dace da kaset, kada ki yarda a cusa shi cikin tsohuwar na'urar da ta shekara ashirin ba ta yi aiki ba, tana iya cinye shi a tashi ɗaya. Ki ajiye shi a tsaye, a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da rana da lasifika, har ki samu mai na'ura mai lafiya ya juye miki shi zuwa kwamfuta. Ki sa a yi kwafi biyu, ɗaya a gidanku, ɗaya a wani gidan.