Brisk biyu ce, yaro, kuma da kuɗina na sayi wannan sanin

Ka turo mini saƙo tsakar dare kan aikinmu na binciko wa mutane asalin danginsu: "Maigida, wani Bayahude daga Amurka ya ce kakansa mutumin Kamenets ne, in kama hanya ko in fara da intanet?" Kamenets wacce? Ta Podolsk da ke Yukren, ko ta Litovsk da ke Belarus kusa da Brest? Ba ka ma san biyu ba ne, har kana maganar kama hanya. Ku yaran yanzu da zarar waya ta nuna muku jan ɗigo a taswira, shi ke nan an gano gari.

Yadda ake neman izinin shiga ma'ajiyar tarihi, da karanta rubutun hannu na Rashanci, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar. Tambayarka dai ta sosa mini wani tsohon miki, sai ka yi haƙuri ka saurara.

A 2006 ne, lokacin na fi shekara ashirin a Polan, har ina jin babu wanda zai koya mini wani abu. Wata mata ta rubuto daga New York, ta ce kakanta ɗan Brisk ne. Kowa a sana'ar nan ya san Brisk shi ne sunan da Yahudawa ke kiran Brest-Litovsk da harshensu na Yidish, kamar yadda suke ce wa Opatów Apt, Góra Kalwaria kuma Ger. Brest gari ne mai suna, na manyan malamansu 'yan gidan Soloveitchik, can kuma aka haifi Menachem Begin, tsohon firaministan Isra'ila, a 1913. Na tambaye ta ko tana da wata takarda. Ta ce babu ko ƙyalle, sai abin da ta ji daga bakin mahaifiyarta. Ta ce in tafi kawai, za ta biya komai in na dawo. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban karɓi ko sisin kafin alƙalami ba.

Na yi biza da kuɗina, na hau jirgin ƙasa daga Warsaw na ƙetare iyaka ta Terespol. Daga Brest na wuce Grodno, domin zamanin sarakunan Rasha Brest a lardin Grodno take, takardun lardin kuma can suke. Mako uku ina zaune a ɗakin karatu da kwat a jikina, yatsu sun ƙage, ina bin jerin sunayen masu biyan haraji layi-layi har idona ya fara ganin bibbiyu. Sunan gidansu ko mai kama da shi ban gani ba. Kuɗin masauki, kuɗin kwafi, kuɗin mota, sai da na kashe abin da na tara don gyaran rufin gidana.

Da na dawo na kira ta a waya, gwiwa a sanyaye. Muna cikin hira take ba ni labarin kifin da kakarta ke dafawa don ranar Asabar, wai har yau ba ta ci mai zaƙinsa ba, don da sukari take yi. Sai na ji gabana ya faɗi. Yahudawan Lituweniya da Belarus barkono suke zuba wa wannan kifi, masu sukari mutanen tsakiyar Polan ne da Galisiya. Na ce mata, in tsohuwar za ta ce abu ya yi kyau, "gut" take cewa ko "git"? Ta yi dariya ta ce "git". To, mutumin Brest "gut" zai ce. Nan take na tuna akwai wata Brisk ɗin, Brześć Kujawski, ƙaramin gari da bai kai kilomita 20 daga Włocławek ba. Da na sani, da safe zan je in dawo in ci abincin dare a gida.

Na koma na yi abin da ya kamata in fara da shi: takardar jirgin ruwan da ya kai kakan nata Amurka. Tun 1907 ake rubuta suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da fasinja ya baro a gida. Ga shi ɓaro-ɓaro, ɗan'uwansa yana Włocławek. Da na tura mata, ka san abin da ta ce? Wai ai tana da hoton ƙofar maƙabartar da aka binne shi, kuma an rubuta wani abu mai kama da haka a jiki. Baƙin Yahudawa a New York ƙungiya suke kafawa ta 'yan gari ɗaya, su sayi fili a maƙabarta, su rubuta sunan garin a ƙofa. Hoton yana cikin durowarta tun kafin ta san ni. Ta ɓoye ne don babbar Brisk take so, ta malamai, ba ta manoma ba. Ta ce ban samo abin da ta aike ni ba, don haka ba ta biya. Bayan shekara na ga sakamakon aikina a bishiyar danginta a intanet, babu ko sunana. Har yau in na ga kifi da sukari sai raina ya ɓaci.

Saboda haka kai da mai Kamenets ɗinka, ƙafarka kada ta motsa. Garin asali daga inda mutum ya mutu ake nemo shi, a biyo baya. Ka sa ya ɗauko hoton kabari da ƙofar filin, dutsen zai ba ka sunan mamacin da na ubansa da Ibrananci. Ka nemi takardar zama ɗan ƙasar Amurka; in bayan Satumba 1906 aka yi ta, akwai garin haihuwa. In ta tashar jirgin ruwan Hamburg a Jamus ya tashi ka ci sa'a, jerin fasinjojinsu na 1850 zuwa 1934 yana nan, na Bremen kuwa yawanci ya salwanta. Kuma duk wanda ya ce maka a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi a New York a da, aka sauya wa kakansa suna, ka yi murmushi ka wuce, tun a tashar da aka taso ake rubuta sunayen.

In sun ce Minsk ko Kovno ko Grodno, kada ka yarda birnin suke nufi, sau da yawa lardin ne, kamar Bakano da ke cewa Kano alhali ƙauyensu na bayan Rano. Shafin JewishGen na intanet na da rumbun garuruwa mai bin lafazi maimakon harufa, ka yi amfani da shi, amma ka sani zai jero maka Janów da Ostrów rututu, ba zai zaɓa maka ba. In kuma ta tabbata Kamenets ta Podolsk ce, ka gaya wa mutumin tun yanzu cewa gobara ta ci ma'ajiyar tarihin garin a Afrilun 2003, takardu da yawa sun ƙone, kada gobe ya ce kai ne ka kasa.

Rabin kuɗi a hannu kafin ka buɗe ko littafi ɗaya, kuma a rubuce cewa bincike ake biya, ba sakamakon da ransa ke so ba. Ka tambaye shi me tsohuwarsu ke dafawa da yadda take magana. Ranar Litinin ka zo da hoton kabarin, kuma ka daina turo mini saƙo bayan sallar isha'i.