Tambaya da Amsa: Ina Kabarin Imamu Bukhari Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Zan je wani taron ’yan kasuwa a Tashkent, babban birnin Uzbekistan, kuma zan samu rarar kwana biyu. Burina shi ne in ziyarci kabarin Imamu Bukhari, wanda tun ina yaro nake zuwa karatun littafinsa a masallacin unguwarmu. Shin Bukhara ya kamata in nufa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa’alaikumus salam. Idan kabarin kake nema, to Samarkand za ka nufa. A Bukhara aka haifi Imam a shekarar 810, amma a ƙarshen rayuwarsa ya samu saɓani da gwamnan birnin, wanda ya so ya riƙa zuwa fada yana karantar da hadisi, shi kuwa ya ƙi kai ilimi ƙofar masu mulki, har aka fitar da shi daga garin. Sai ya sauka wurin danginsa a ƙauyen Hartang, kimanin kilomita 25 daga Samarkand, inda ya rasu a 870, wato 256 bayan Hijira. An daɗe ana aikin faɗaɗa wurin, saboda haka ka tambayi masu masaukinka lokacin da ake buɗewa kafin ka ɗauki mota.

Jirgin ƙasa mai sauri, Afrosiyob, yana kai mutum Samarkand daga Tashkent cikin awa biyu da ’yan mintoci, sai dai tikitinsa yakan ƙare da wuri.

A cikin birnin Samarkand, ina ganin Shah-i-Zinda ya fi cancantar safiyarka. Jerin ƙubbobi ne masu ado da shuɗin tangaran a gefen tudu, kuma a ƙarshensa akwai makwancin da ake dangantawa da Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW). Registan kuwa, filin da madarasai uku suka kewaye, mafi tsufa a cikinsu ita ce wadda Ulugh Beg, jikan sarki Timur, ya kammala a 1420, ka bar shi zuwa bayan la’asar, lokacin da rana ta yi sanyi.

Bukhara tana da nisan awa ɗaya da rabi daga nan a jirgin, kuma hasumiyar Kalyan da aka gina a 1127 ta isa dalilin zuwa, amma cusa birane biyu cikin kwana biyu wahalar da kai ne, musamman a watan Yuli da zafi yake kaiwa digiri 40.