Amsa ga mai neman manhajar gyaran shafi ta kyauta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, an miƙa maka ragamar shafin intanet na ƙungiyarku, wanda wani ya gina shekarun baya ya kama gabansa. Kai kuma ba ka iya rubutun HTML ba, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi, shi ya sa kake neman manhaja ta kyauta da za ka buɗe shafi ka gan shi yadda yake, ka danna ka gyara kamar kana cikin Word. Na ga wasu sun ce maka KompoZer, wani kuma ya ce ka nemi fasasshiyar Dreamweaver, wato manhajar kuɗi da aka fasa makullinta don a yi amfani da ita ba biya. Na daɗe ina kula da irin waɗannan shafuka na gado, na makarantu da ƙananan ƙungiyoyi, don haka ka ɗan yi haƙuri da tsawon amsar.

Kada ka sauke komai tukuna. Fara gano da me aka gina shafin, domin amsar gaba ɗaya a nan take. Buɗe shi a Chrome ko Firefox a kwamfuta, ka danna Ctrl da U, rubutun da ke bayan shafin zai fito. Kada yawansa ya firgita ka, ba karantawa za ka yi ba. Danna Ctrl da F ka nemi wp-content. Idan ta fito, WordPress ne, wato tsarin gina shafi mai editansa a ciki, kuma babu wata manhaja da kake buƙata: ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshin, ka shiga da suna da kalmar sirri, editan yana ciki yana jiranka. Tun fitowar WordPress 5.0 a Disambar 2018 abin da ke ciki shi ne Gutenberg, mai jera rubutu da hoto tubali-tubali, kuma in bai kwanta maka ba akwai Classic Editor da ake ƙarawa kyauta. Haka Joomla da Blogger, kowanne da ƙofarsa. Irin waɗannan shafuka rubutunsu yana cikin rumbun bayanai ne, ko ka sauke fayilolin kaf ba za ka ga sanarwar da kake son gyarawa a cikinsu ba.

In ba ka ga wannan ba, nemi kalmar generator. Tsofaffin shafuka da yawa suna faɗin wanda ya haife su, za ka ga an rubuta Microsoft FrontPage ko makamancin haka. Idan adireshin shafukan yana ƙarewa da .html ko .htm, to fayiloli ne zube a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, kuma nan ne tambayarka take da gurbi.

Matsalar ita ce ginin sabon shafi daban, kula da na gado daban. Yawancin abin da ake tallatawa yau, irin su Wix da Mobirise, an yi su ne don ka fara daga tushe a cikin tsarinsu, ba don su karɓi fayilolin wani su lallaɓa ba. Waɗanda kuma suke buɗe fayil ɗin da ka ba su suna da hali guda da ya kamata ka sani: idan ka buɗe shafi, sai su karanta shi, su fahimce shi iya fahimtarsu, in ka danna ajiyewa su sake rubuta shi daga sama har ƙasa yadda suka fahimta. Kamar ka kai wa tela riga ya sa maka maɓalli ɗaya, ya warware ta ya sake ɗinkawa bisa yayin da ya koya shekara goma sha biyar da suka wuce. Wani lokaci rigar ta dawo lafiya, wani lokaci hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ni ma'aunina ke nan a kan kowace manhaja ta wannan aiki: ta taɓa abin da na taɓa, ta bar mini sauran yadda na same shi. Kyan fuskarta da yawan maɓallanta duk a baya suke.

Da wannan ma'aunin nake cewa ka bar KompoZer. Ba raina ta nake ba, ta yi wa mutane aiki a zamaninta. Asalinta Nvu ce, wadda Daniel Glazman ya rubuta bisa editan Mozilla, ta fito a 2005. Da aka daina kula da Nvu sai KompoZer ta ɗora daga nan, ita ma fitowarta ta ƙarshe a 2010 ne, kuma ta gwaji ce. HTML5 kuwa sai a 2014 aka tabbatar da shi. Ke nan duk shafin da aka gina da tsarin zamani, mai lanƙwasa kansa ya dace da allon waya, KompoZer ba ta san shi ba. Za ta nuna maka shi a hargitse, kai kuma ka ɗauka shafin ne ya lalace, ka shiga ja da turawa kana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Composer da ke cikin SeaMonkey ma jininsu ɗaya, ko da yake ita SeaMonkey ana sabunta ta. Amaya, editan W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, tun 2012 aka rufe babinta.

Guda biyu ne nake iya cewa a gwada. Ta farko BlueGriffon, ita ma ta Glazman ɗin ce, ta san HTML5 kuma injin Firefox take amfani da shi wajen nuna shafi, don haka abin da kake gani ya fi kusa da gaskiya. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai dai wasu sassanta da kuɗi aka riƙa sayar da su, kuma rabonta da sabuwar fitowa tun 2019. Ta biyu Expression Web 4 ta Microsoft, magajiyar FrontPage, wadda kamfanin ya daina sayarwa ya sake ta kyauta a ƙarshen 2012. A Windows kaɗai take aiki. Idan shafinku ɗan FrontPage ne, mai tebur cikin tebur da foldoji masu suna _vti_cnf, ita ce ta fi sanin halinsa, kuma a abin da na gani ta fi sauran kunyar taɓa rubutun da ba a sa ta ba. Tana raba allo biyu, sama rubutun HTML ƙasa shafin, in ka danna wuri a ƙasa ta haska maka layinsa a sama. Mutane da yawa ta nan suka koyi HTML ba tare da sun zauna aji ba. Amma ita ma ta tsufa, shafin zamani ba ya fitowa daidai a allonta. Kuma tunda tsohuwa ce, ka lura da inda za ka sauko da ita.

Kowacce ka ɗauka, ga gwajin da nake yi kafin in yarda da ita, minti biyar ya isa. Kwafi shafi ɗaya, ka buɗe kwafin a manhajar, ka canza harafi guda tak, ka ajiye. Sannan ka sauke WinMerge, kyauta ce, ka ba ta na asali da wanda ka gyara. Za ta jera su gefe da gefe ta shafa launi a duk layin da ya bambanta. Idan layi ɗaya ya yi launi, ko biyu, manhajar ta ci jarrabawa. Idan ka ga shafin ya rine daga sama har ƙasa, ka san da wa kake tare. Yi gwajin a kan shafin da ya fi rikitarwa, mai fom ko jerin hotuna masu motsi, kada ka yi a kan mai layi uku.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ban ga wanda ya ambata maka ba, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Idan akwai Hausa a shafin, nan ne ɓarna take fara bayyana. Tsofaffin shafuka da yawa an ajiye su da tsarin haruffa mai suna windows-1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikinsa sam. Na zamani UTF-8 ne, shi yana da su duka. Idan manhaja ta ajiye fayil da tsari ɗaya alhali kan shafin yana shelar ɗayan, sai rubutu ya dagule. Wata makaranta da nake taimakawa ta taɓa kirana a kan haka. Ma'aikacinsu ya gyara sanarwar komawa hutu, a kwamfutarsa komai daidai, amma a wayoyin iyaye duk inda ƙ take sai ga Æ™, duk inda ɗ take sai ga É—. Kalmar ɗalibai ta koma É—alibai, ƙarshen zango ya koma Æ™arshen zango, shugaban makaranta yana tsammanin kutse aka yi musu. Babu wani kutse. Fayil ɗin an ajiye shi da UTF-8, layin charset da ke samansa, mai faɗa wa burauza tsarin haruffan, kuma yana nan da tsohon bayaninsa, burauza ta bi abin da aka gaya mata. Layi ɗaya aka gyara komai ya dawo. Mafi muni shi ne a ajiye fayil da windows-1252, haruffan su koma alamar tambaya, domin wannan ba ya gyaruwa sai an bi kalma-kalma an sake bugawa. Don haka a gwajin da na faɗa, sa kalma mai ƙ da ɗ, ka ɗora, ka duba a waya. Idan kuma ka ci karo da ƙ ko ɗ a cikin rubutun, kada ka goge, ƙ da ɗ ne aka rubuta da lamba, kuma suna fitowa daidai.

Idan fayilolin suna ƙarewa da .php, shawarata kada ka buɗe su da editan gani-da-ido ko wanne ne. A cikinsu akwai umarnin da uwar garke ce take aiwatarwa, galibi shi ke jawo kan shafi da jerin maɓallai daga wani fayil. Edita ba ya ganin wannan, kuma yana iya matsar da shi ko ya lalata shi. Haka idan ka ga layuka masu TemplateBeginEditable ko InstanceBeginEditable, aikin Dreamweaver ne, gyara tsakanin alamomin kawai ake yi.

Yanzu abin da ni nake amfani da shi, kuma shi nake so ka ba wa mako guda kafin ka ce ya fi ƙarfinka. Visual Studio Code, kyauta ce daga Microsoft, ana sabunta ta a kai a kai. Ka ƙara mata Live Preview, sai allo ya rabu, hagu rubutu dama shafi, kana bugawa yana canzawa. Na san ba wannan ka tambaya ba, ka ce ba ka son ganin rubutun HTML. Amma duba aikin da za ka riƙa yi: canza kwanan wata, sa sabuwar sanarwa, sauya lambar waya, musanya hoto. Duk wannan nemo kalma ne a canza ta. Ka ga jimlar a shafi, ka neme ta da Ctrl da F, ka gyara abin da ke tsakanin alamomin, ka bar alamomin. Sabuwar sanarwa kuwa, kwafi tsohuwa daga farkonta zuwa ƙarshenta, ka liƙa a sama, ka canza kalmomin. Ba ta sake rubuta komai a bayan idonka. A ƙasan allo tana nuna maka tsarin haruffan fayil, UTF-8 ko waninsa. Ranar da lambar wayar ofis ta canza, tana kuma cikin shafi talatin, Ctrl da Shift da H zai nemo ta a duka ya canza a tashi ɗaya. Idan ka rasa inda abu yake, danna shi da maɓallin dama a burauza ka zaɓi Inspect, za ta nuna maka layin. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ko tsohuwar Windows 7 ce, Notepad++ ta wadatar, sai ka riƙa sabunta shafin a burauza da hannu.

Fasasshiyar Dreamweaver kuwa, ka rufa wa kanka asiri. Ban da hakkin masu ita, manhaja ce da za ka damƙa wa kalmar sirrin uwar garken ƙungiya, alhali ba ka san wanda ya fasa ta ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba. Amana aka ba ka.

Kafin ka taɓa ko harafi, sauke shafin gaba ɗaya da FileZilla ko WinSCP, ko ka dunƙule foldar public_html ta cikin cPanel, allon kula da shafi da masu masaukinsa ke bayarwa, ka sauke. Sa wa kwafin kwanan wata, ka ajiye shi wuri biyu, kada ka yi aiki a kansa. Wajen haɗawa zaɓi SFTP idan masu masaukin shafin sun ba da dama, saboda FTP zalla a buɗe yake tura kalmar sirri. Kuma fayil ɗin da ka gyara kaɗai za ka mayar.

Hotuna suna da nasu tarkon. Editocin gani-da-ido sukan rubuta adireshin hoto da file:///C:/, wato hanyar cikin kwamfutarka, kai kana ganin hoto ras, duk duniya ba mai gani. Sa hoton cikin foldar shafin tukuna, sannan ka kira shi daga can. Yawancin uwar garke Linux ce, wadda a wurinta Taro.JPG da taro.jpg abu biyu ne, saboda haka ka saba da ƙananan haruffa, ba tazara a suna. Hoton waya kuma yakan kai megabait uku ko fiye, rage shi kafin ka ɗora, masu ziyara da datarsu suke biya. Rubutun da aka turo maka a Word, fara zuba shi a Notepad ka sake kwafa, in ba haka ba zai shigo da tarkacen ado da zai ɓata tsarin shafin. Idan ka ɗora gyara ba ka ga canji ba, danna Ctrl da F5 kafin hankalinka ya tashi.

Ka yi binciken Ctrl da U ɗin, ka dawo ka gaya mana abu uku: ko ka ga wp-content, da me sunayen fayilolin suke ƙarewa, da abin da aka rubuta a gaban charset. Kalmar sirri kuma kada ka turo wa kowa, ko a nan ko ta saƙon sirri, har da ni. Da waɗannan ukun zan iya ce maka ga wadda za ka sauke, in sha Allahu.