Tambaya da Amsa: Idan Na Rage Nama a Miya, Zan Cutar da Yarana?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki? Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana biyar, autar tana wata goma ina shayar da ita. Maigidana malamin firamare ne, kuma mahaifiyarsa tana zaune tare da mu. A da kullum sai an sa nama a miyar dare, ko da yanka ɗaiɗai ne. Yanzu idan na cire kuɗin nama daga kuɗin cefane, abin da ya rage ba ya isar manja da kayan miya, kafin ashirin ga wata mun fara karɓar bashi a shagon unguwa. Na ce masa mu mayar da nama sau biyu a mako, sai ya yi shiru, daga baya ya ce shi kunyar Hajiya yake ji, kada ta buɗe kwano ta ga miya fayau. Ni kuma tsorona yaran ne, kada su rame ko jininsu ya yi ƙasa. Don Allah ki ba ni shawara.

Maman yara biyar, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya buɗa wa maigida. Ki kwantar da hankalinki, shawarar da kika kawo mai kyau ce, kuma ba gazawarki ba ce ta jawo wannan hali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko dabba daga kara zuwa mahauta ya tashi, a tsakiyar 2024 kuwa hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A lokacin albashin malamin makaranta bai yi irin wannan tsallen ba. Nama sau biyu a mako ba zai cutar da kowa a gidanki ba, amma da sharaɗi guda, kuma a kansa nake so in tsaya.

Sharaɗin shi ne daga kwanon manya za a rage. A gidajenmu idan aka sauke tukunya, tsoka mai kyau ta maigida ce, sai baƙo, sai manyan gida, yara kuwa romo da ƙashi. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin awon yara, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga yaro ɗan shekara ɗaya da rabi gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, a tambayi uwar a ji ana dafa nama a gidan, shi dai ba ya kaiwa bakinsa, kunu tsurarsa ake ɗura masa. Babban mutum mai lafiya zai yi mako bai ci nama ba, ya ci wake da gyaɗa, babu abin da zai same shi. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu cikinsa ƙarami ne, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa kuma suna kan ginuwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ba shi nama ko kifi ko ƙwai kullum. A gidanki masu haƙƙin farko su ne autar nan, sai ke da kike shayarwa, sai wanda take bi.

Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ƙwai guda a dafa ya dahu sosai, a murƙushe mata a cikin fate ko shinkafa mai laushi. Ranar da babu ƙwai, ki sami busasshen kifi ƙanana, ki cire kai da ƙaya masu tauri, ki ɗan gasa a kasko har ya yi ƙamshi, ki daka ya yi gari, ki tankaɗe ki zuba a kwalba mai murfi. Cokali guda a abincinta ya wadatar. Hanta kuma ɗan yanki sau ɗaya a mako, don tana cikin abubuwan da suka fi ƙara jini a cikin abin da mahauci yake sayarwa, sai dai mai juna biyu kada ta yawaita ta. Idan wani ya ce miki ƙwai yana koya wa yaro sata, ki yi masa murmushi ki ci gaba da ba ta.

Sai sauran gida. Wake busasshe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ɗanyen nama kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. Gaskiya ne jiki ya fi saurin amfana da na nama, wake kuma idan ya dahu yana shan ruwa ya kumbura, don haka sai an ci da ɗan yawa. Amma abin da hatsi ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya rasa hatsi yana da shi, kuma iyayenmu sun daɗe da haɗa su: garau-garau, ɗanwake, alale, ƙosai da koko, dambu da zogale da gyaɗa. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli da ake rainawa ana cewa abincin marmari ne na mata, ya fi farar taliya da manja amfani nesa ba kusa ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake irin namu a duniya, Nijar tana bi mata, to abin da yake ƙofar gidanmu bai kamata ya zama baƙo a tukunyarmu ba.

Na san za ki ce ai waken ma ya yi tsada. Haka ne, a 2024 kuɗin mudu ya ninka har fiye da haka. Duk da haka, ki auna da kanki: kuɗin da zai sayo miki naman da kowa zai samu yanka ɗaya, idan wake kika saya da shi mutum takwas za su ci su ƙoshi. Dabarar ita ce saye da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da sabon wake ya shigo kasuwa. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a jarka mai tsabta a cika ta har baki a toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Idan iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke yi. Kada ki yarda a zuba masa maganin ƙwari, kuma wanda kika ji yana warin magani a kasuwa ki bar musu kayansu. Gyaɗa ma ki tsince wadda ta yi funfuna ki zubar, gubarta hanta take taɓawa. Ki riƙa jiƙa wake tun dare ki zubar da ruwan, zai dahu da wuri, gawayi ko gas ya yi saura, kumburin ciki ma ya ragu, kuma ba sai kin cika masa kanwa ba.

Awara kam ina so ki koya ki riƙa yi da hannunki. Ki jiƙa waken suya ya kwana, a markaɗo, ki tace da ƙyalle mai laushi, ki ɗora ruwan a wuta. Idan ya tafaso sai ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na tsamiya ko na gasara, za ki ga ya fara dunƙulewa yana tasowa sama, ruwan ƙasa ya koma garai-garai. Ki kwashe a ƙyalle, ki ɗaure, ki danne da abu mai nauyi ya tsane. Ki yanka, ki soya sama-sama, ki jefa a miyar dage-dage ta ɗan sha wuta. Yara suna wawarta, dusar kuma kaji biyu ko uku a bayan ɗaki za su ci su ba ki ƙwai.

Kan maganar jini, abu biyu za ki kiyaye. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ya fi shiga jiki idan an haɗa da abu mai tsami irin lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaiba ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuma yana tare shi, don haka a bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi. Akwai kuma bitamin B12 da ba a samu a wake ko ganye, sai a nama, kifi, ƙwai da nono, shi ya sa na ce a rage, ban ce a daina ba. Ganda ba ta cike wannan gurbi, daɗin tauna ne kawai. Idan kika ga cikin idon yaro ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ke kina jin jiri da kasala, ku je asibiti a auna jini, kada ki tsaya gyaran abinci kawai.

Yanzu batun maigida. Kunyar da yake ji ta ɗan halak ce, kada ki yi masa gardama a kanta. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa a rubuce abin da nama yake ci a wata da bashin da ke kanku a shago. Maza da yawa ba su san farashin attaruhu ba sai sun gani a takarda. Hajiya kuma ina ganin ita ce za ta fi kowa fahimta. Matan zamaninsu sun ga yunwar 1973 da ta 1984, sun san miyar kuka da daddawa da wake dakakke, babu ko ƙashi, kuma ta yi daɗi. Ki je ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ki koya mini yadda kuke kaɗa miya a da." Da wuya ki fito ba ta ba ki sirri biyu ko uku ba, kuma daga ranar ta zama mai goya miki baya a wurin ɗanta. A kwanonta ki riƙa sa mata kifi mai laushi ko ƙwai a ranakun da babu nama, dama tsoho yana bukatarsu, haƙori kuma ya fi son su.

Ranakun naman biyu, ki sa ɗaya ta zama Juma'a. Ki sayi mai ƙashi da ɓargo don romo ya ratsa miya, ki yanka ƙanana ko ki daka yadda kowane cokali zai ɗauko wani abu. Idan maigida zai iya haɗa kai da abokan aikinsa su yi watanda ƙarshen wata, su sayi akuya ko su haɗa kuɗin bijimi a raba kashi-kashi, ya fi sayen ɗari biyar-biyar a teburin mahauci sauƙi. Abin da kuka samu ki soya shi ya bushe da mai da gishiri kamar naman layya, tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ki riƙa ɗiba da lissafi. Kuɗin da ya rage daga cefane kuma a fara biyan mai shago da shi, sannan a tara na waken kaka.