Amsa: Wasu sunaye na dannuwa, wasu ba sa yi

Ɗan'uwa, ka ce a bayanin manhajarka wasu sunayen fankshan na dannuwa, wasu ko gezau. Wallahi mu ma mun sha wannan a ajinmu na Python a Nima, kowa da salonsa na haɗa suna da shafin bayaninsa, wani ya manna adireshin shafi sukutum, ranar da aka canja sunan fayil duk adireshin suka mutu.

Tunda Sphinx, manhajar haɗa shafukan bayani, kake amfani da shi, ka tsaya kan hanya ɗaya, :func:`len` ga fankshan, :class:`dict` ga kilas, :mod:`os` ga modul, amma sai ka kunna intersphinx, ƙarin Sphinx mai haɗa bayaninka da na wasu manhajoji, kafin su kai ka shafin Python. In sunan ya yi tsawo sa ~ a farkonsa, ƙarshen kaɗai zai fito. Sannan ka gina bayanin da zaɓin -n, zai tona maka duk sunan da haɗinsa ya karye.