Ka Bi Gona, Za Ta Kai Ka Ga Masu Ita

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin lafiyarku. Ka ce kana son rubuta salsalar gidanmu, ka je wurin Gwaggonka da waya a hannu, ka ce ta lissafo maka sunan mijinta da na surukinta da na ɗanta na fari, tunda auren zumunci ne kuma duk jininmu ne, sai ta rufe baki da gefen mayafi ta ce ka tashi ka ba ta wuri. Shi ne kake tambaya ko al'ada ce ta hana a kira sunayen magabata, ko kuwa akwai abin da ake ɓoye maka. Sai da na murmusa. Daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai, don in ɗan gidan manoma ya kai shekarunka bai san dattijuwa ba ta kama sunan ɗan farinta ba, to lallai hirar dare ta mutu a gidajenmu.

Alkunya ce ta yi maka. Mace irin ta zamaninta ba ta kiran sunan miji, ko na surukai, ko na ɗan fari, ko da wani ne can daban yake da sunan sai ta kewaye shi. Da ka tambaye ta mahaifiyarta da kishiyoyin mahaifiyarta, da wa aka yaye da wa, da sai dare ya raba ku. Sunan mijinta kuwa ka nema wurin ƙanwarsa ko abokinsa.

Ko da ta faɗa maka ma, suna kaɗai ba ya riƙe zuriyar manomi. Kowane mutum yana da sunan yanka, wanda sau da yawa daga ranar suna ba a sake jin sa sai ranar ɗaurin aure, yana kuma da wanda ake kiran sa da shi. In an mayar wa yaro sunan kakansa, iyaye ba za su iya kira ba, sai ya zama Abba ko Baba, yarinya ta zama Ummi ko Uwa. To ka ga a gida ɗaya za ka sami Muhammadu uku a jere, kaka da jika da tattaɓa kunne, mai rubutu da garaje ya haɗe su ya mai da su mutum ɗaya, ya wayi gari da kakan da ya yi shekara ɗari da hamsin yana noma. Laƙabin ne ma yake ɗauke da labari, don haka kada ka raina shi. Tanko an haife shi bayan mata, Kande ko Delu bayan maza, Gambo yana bin tagwaye, Talle ya tashi maraya. In ka ji Barau ko Ajuji, uwar ta sha binne 'ya'ya kafin shi, ka bar musu gurbi a takardarka ko ba a tuna sunayensu ba. Nomau da Marka 'yan damina ne, Ɗanladi da Jummai sun gaya maka ranar haihuwa. Kabari ba zai taimake ka ba, don magabatanmu ba su rubuta suna a kansa.

Iyayenmu sukan ce tushiya mafarin dawa. Manomi bai bar littafi ba, gona ya bari, kuma kowace gona akwai yadda aka yi ta shigo gida.

Abin da ya sa na faɗi haka, ranar rabon gandun kakanmu nake tunawa, wato kakan babanka. Da rani ne, shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, an gama shigar da hatsi rumbu, an yi sadakar arba'in. Muna yara, aikinmu ɗaukar tabarmi da butoci. Dagaci ya zo, liman ya zo, duk wanda gonarsa ta yi iyaka da tamu an kira shi, don ba a raba gona sai maƙwabta na tsaye. Tun hantsi baffanninmu suka sarƙe a kan gonar fadama. Wannan ya ce gado ce, wancan ya ce aro ce daga gidan maƙera, murya ta fara tashi. Liman ya ce a ɗauko ƙanwar marigayin, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Aka zo da ita a kan jaki, idonta ya yi rauni, amma da aka sauke ta a bakin gona ta ce a kai ta inda gamba ta fara.

Ta kama layin gambar tana tafe tana dogara sanda, maza na biye da ita ba mai tari. Babbar gonar jigawa, ta ce, uban mai rijiya ne ya sare ta daga daji lokacin da suka taso daga kufai, tun Nasara bai zo ba. Ta gabas da ita an jinginar da ita a yunwar Kakalaba saboda damman dawa, ta shekara da shekaru a hannun wasu, sai da kuɗin gyaɗa suka shigo aka fanso ta. Da aka iso gindin ɗorawa ta dafa ta, ta ce ƙasar ta maza ce amma itacen nata ne, gadon mahaifiyarta, kowace shekara ita ake kai wa kalwar. Fadamar da ake rigima a kai kuwa ta raba ta biyu da bakin sandarta: daga aduruku zuwa rafi saye ne, an biya a gaban dagacin wancan zamani, daga aduruku zuwa hanya aro ne, shi ya sa duk kaka ake aika wa gidan maƙera dami ɗaya don kada a manta. Tsohon maƙerin da ke wurin ya ce haka ne, yana yaro shi yake karɓa. Rigima ta mutu nan take. Tun daga farko har ƙarshe ba ta kama sunan namiji ko ɗaya ba. Mai rijiya take cewa, ko mai jan sa, ko uban masu gida, liman da dagaci su ne suke faɗin sunan yanka a bayanta. Zuriya huɗu ta jera a wannan yini, da inda suka fito, da shekarar da suka sha wuya, da shekarar da suka farfaɗo.

Yau da za a yi irin wannan rabon, mai awo za a kira, a buga siminti a kusurwa huɗu, a sa hannu a takarda, kowa ya kama gabansa. Wasu ma ko ganin gonar ba sa zuwa yi, ta waya suke sayar da rabonsu. Iyaka ta tsaya daram, ban musa ba, amma babu yaron da zai ji wanda ya sare dajin.

Saboda haka ka ajiye wayar tukuna, ka sayi littafi mai kauri. Ka tafi bayan an gama girbi, don da damina ba mai lokacinka. Ka riƙe goro, ka fara da gaisuwa, kada ka fito da alƙalami a zaman farko. Zumunta a ƙafa take, in ji manya, ba a aika wa tsoho tambaya ta bakin yaro. Ka nemi dattijo ya zaga gonakin da kai, ɗaya bayan ɗaya, a kowace ka tambayi abu huɗu: wa ya fara noma ta, ta wace hanya ta shigo, gado ko saye ko jingina ko aro ko kyauta ko saran daji, wa ke iyaka da ita, kuma itatuwan cikinta na wane ne. Ka bambance gandu, wanda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke nomawa tare, da gayauna, wadda mutum yake nomawa don kansa. Ranar da gandu ya rabu, ranar gida ɗaya ya zama gida uku, nan ne rassan zuriya suke fitowa. In an ambaci kufai ka je ka gani da idonka. Za ka gane shi da kukoki a cure wuri ɗaya, da ramin tsohuwar rijiya, da fasassun tukwane a ƙasa, wani lokaci da ramukan marina.

Kowane mutum ka ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, garin uwa, matan da ya aura bi da bi, 'ya'yan kowane ɗaki, sana'arsa ta rani, inda ya rasu. Sana'ar rani tana buɗe ƙofa, don wanda aka ce ya ɓace sau da yawa cin rani ya tafi ya yi aure can, ko fatauci ya bi zuwa Gwanja. Mata kuwa ka zauna da su daban, ba a gaban maza ba. Maza suna riƙe layin uba da gonaki, mata su ne suka san wanda ya sha nonon wa, da auren da ya mutu, da 'ya'yan da ba su yi rai ba. Ta wurinsu kuma gona take ƙaura, tunda 'ya tana da kaso ɗaya inda ɗa yake da biyu, matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, kuma abin da suka gada 'ya'yansu na wani gida ne za su ci.

Kada ka tambayi tsoho shekarar haihuwar kowa, zai ba ka lamba don ya sallame ka. Tambaye shi me ake ciki a lokacin, da kuma girman mutumin, yana goye ne, ko ya isa kiwon awaki, ko ya yi aure. Sai ka auna da abin da aka sani. Jihadin Shehu Usmanu ya fara 1804. Turawa sun ci Kano da Sakkwato 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya. Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce, annobar marisuwa 1918, yunwar 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942. 'Yancin kai 1960, canjin hannun tuƙi 1972, naira ta maye gurbin fam 1973, a tsakiyar babban farin nan. Sunayen yunwa suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka in ka ji wanda ba ka sani ba, tambayi wane sarki ko hakimi ne a kan gado. In babu ko ɗaya, ka ƙiyasta kamar shekara talatin tsakanin uba da ɗa, amma ka kula da auta, don tsoho mai shekara sittin yana iya haihuwa, har baffa ya zama ƙanen ɗan wansa a shekaru.

Takarda ba ta da yawa amma akwai. Duba bangon Alƙur'ani da littattafan malaman gida, nan ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci, da shekarar Hijira. Shekara ta 1300 ta kama a ƙarshen 1882, ta 1400 a ƙarshen 1979, daga nan sai ka ƙirga, kana tuna cewa ta Hijira ta gaza da kwana goma sha ɗaya. Duba tsofaffin akwatuna ko za ka sami rasit ɗin haraji ko na jangali, wanda aka biya har 1979 a Kano da Kaduna. Rigimar gado da ta kai gaban alƙali tana cikin kundin kotu. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da Turawa suka rubuta gunduma gunduma saboda haraji. Da wuya ka ga sunan talaka a ciki, amma za ka ga sunan ƙauye da na dagaci da abin da ake nomawa.

Inda aiki yake lalacewa shi ne wajen riƙo. Yaron da baffansa ya riƙa tun yaye, da agolan da ya zo da uwarsa, da almajirin da ya zauna har aka yi masa aure, duk za a ce maka 'ya'yan gida ne, kuma a zaman tare haka ne. Hanyar ganewa ita ce ka tambayi gonar wa ya gada. Kusan kowane gida kuma za a ce maka daga Gabas aka zo, ko daga Barno. Ka rubuta yadda aka faɗa da sunan wanda ya faɗa, sannan ka duba tsagar fuskar tsofaffi, da waɗanda suke wasan barkwanci da su, kamar Fulani da Barebari ko Kanawa da Zazzagawa. Abin da mutum biyu da ba ɗaki ɗaya suka fito ba suka faɗa, shi za ka riƙa. Wanda mutum ɗaya ya faɗa, ka rubuta shi da fensir.

Akwai kuma shirun da ba na alkunya ba, shi ne wanda ya fi damuna da wannan aikin naka. A ƙasar nan an yi bauta, an yi rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, mutane sun yi murgu sun fanshi kansu. Dokar Turawa ta ce wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Cikin kakanni mata na gidaje da yawa akwai waɗanda aka kawo ba da son ransu ba, kuma jikokinsu yau surukan juna ne da maƙwabta. In ka tambayi garin wata kaka tsoho ya ce daga nesa take ya ɗauko wata magana, kada ka matsa, kada kuma ka je ka tambayi wani a bainar jama'a. Ka rubuta iyakar abin da aka ba ka. Kafin ka sa ko shafi ɗaya a dandalin dangi na waya, ka kawo littafin mu zauna da Gwaggonka da sauran baffanninka a karanta shi a zaure, abin da suka ce a rufe a rufe.