Amsar murya: ruwan lagireton Hilux mai shan gas ya koma kunun gyaɗa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. To ƙanena, na ga hoton da ka turo, na ga tambayarka, wai ka buɗe lagireton Hilux ɗinka ka tarar ruwan ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, wane sabulu za ka zuba ka wanke. Ka yi haƙuri ban amsa tun safe ba, ina ƙarƙashin wata mota. Ni a wurina ba sabulu kake tambaya ba. Abin da kake son sani shi ne ta ina abin nan ya shiga. Ko sau goma ka wanke, matuƙar ƙofar da ya bi tana buɗe, jibi war haka za ka sake turo mana irin wannan hoton.

Shi kuma ɗan'uwan da ya rubuta maka cewa tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ita ce ta ƙone, a je a sauke kan inji, don girman Allah a dakata tukuna. Zan dawo kan wannan, don abin yana ci min rai.

Gobe da asuba, kafin ka tayar da ita, injin yana sanyi ƙalau, kada ka kuskura ka taɓa murfin nan da zafi, ka samo robar ruwan sha mai haske ka ɗebi ruwan lagireton ka ajiye kamar awa ɗaya. Robar nan za ta gaya maka rabin labarin. In abu baƙi mai santsi ya taso sama, baƙin mai ne. In jaja-jaja ne ya gauraye kamar yogot, kuma motarka mai giya otomatik ce, to man giya ne, don a irin waɗannan motoci man giyar yana bi ta wani bututu a ƙasan lagireto ya huce, in bututun ya tsage sai su haɗe. In ruwa-ruwa ne, yana warin gas, tiyoyin kuma sun kumbura sun yi laushi, gas ne ya shiga, amma wannan ba kasafai ake ganinsa a Toyota ba. In kuwa ja ne mai ƙasa-ƙasa kamar ruwan gulbi da damina, ya kwanta a gindin robar, ba mai ba ne sam, tsatsa ce.

Naka dai, yadda na ga ya manne a murfi, baƙin mai ne. Ka gane?

To injin gas, ko 2KD ne mai lita 2.5, ko 1KD mai lita 3, ko tsohon 5L, akwai oyil kula a jikinsa. Wani ɗan ƙarfe ne mai faifai-faifai a gefen inji, mai yana bi ta ciki, ruwa yana zagaye shi ta waje yana sanyaya shi. Ka duba murfin lagiretonka za ka ga an rubuta 1.1 ko 0.9, iyakar matsin ruwan ke nan. Shi kuwa baƙin mai in mota tana gudu matsinsa ya ninka wannan sau uku ko fiye. Saboda haka in kular nan ta yi ɗan huji ko robarta ta mutu, wa zai shiga gidan wani? Mai ƙarfi mana. Shi ya sa za ka ga mai cike da lagireto amma mota tana tafiya lafiya lau, ba hayaƙi, ba zafi, ba ta rage ƙarfi ba.

Gasket kuwa halinta daban. Injin gas matsinsa a cikin silinda ya fi na fetur nesa ba kusa ba, in gasket ta ƙone iska ce take turowa cikin ruwa. Ka cika lagireto har baki, ka bar murfin a buɗe, ka tayar da ita da sanyi. In ka ga kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko ka rufe murfi cikin 'yan mintuna tiyon sama ya yi tauri kamar dutse alhali injin bai ko yi ɗumi ba, ga farin hayaƙi a salansa, ga ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to a nan ne za a yi maganar kan inji. Akwai ma wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga sai ya canza launi, a na gas yakan koma kore.

Au, bari in gyara, kada wani ya ce na ce gasket ba ta taɓa sakin mai cikin ruwa. Tana yi. Cewa nake ba da ita ake farawa ba. A cire kula, a toshe baki ɗaya, a hura mata iska, a tsoma ta cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci yake yi wa tub, in da ruwan ɗumi ne ma ya fi. Aikin wuni guda bai kai ba.

Ni an yi min, shi ya sa. Ina da wata tsohuwar Hilux mai 5L, na taso daga Kano zan kai kaya Maraɗi ta Jibiya. Bayan na wuce Katsina na tsaya duba ruwa, na ga irin abin da ka gani. A lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Wani bakanike a bakin hanya, ko sandar mai bai zaro ba, ya leƙa kawai ya ce Oga gasket. Kwana uku ina kwana a kan benci. Aka sauke kan inji, aka kai aka goge shi, alhali lafiyarsa ƙalau, aka sa wata gasket da ba ta kai wadda aka cire ba. Na biya kuɗin aiki, na biya kuɗin gugar, har abincin yaransa ni na saya. Ban kai Ɗan Isa ba mai ya dawo. Da na koma, ka san me ya ce min? Wai ragowar na da ne, zai fita da kansa. Zai fita da kansa! Sai da na dawo Kano na shiga Ƙofar Ruwa na sayi kula, shi ke nan magana ta mutu. Kuma a cikin aikin nan ya cire min tamostat ya jefar bai gaya min ba, wai ƙasarmu zafi gare ta, na Turawa ne. Wallahi har yau in na tuna... Tamostat ɗin nan sai ruwa ya haura digiri 80 yake buɗewa, shi yake riƙe inji a zafin da ya dace. Ka cire shi, lokacin hunturu injin gas ya yi ta aiki da sanyi, yana shan mai, yana tara baƙi. To a bar wannan, ba shi aka tambaya ba.

Abu ɗaya kafin wanki: zaro sandar gwada baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ko ya haura alamar cika, ruwa ya shiga cikin mai, kada ka ƙara tayar da ita, a jawo ta. Ruwa a cikin mai metal yake ci, wato boris ɗin cikin inji, daga nan sai inji ya buga.

Yanzu sabulun naka. Bayan an gyara inda ke yoyo, ka zubar da ruwan duka, ta ƙasan lagireto da kuma ta noti na jikin inji, don akwai ruwa da yawa da ke maƙalewa a can. Ka cire tamostat na ɗan lokacin wankin kawai, ka mayar in an gama. Ka kunna hita zuwa ƙarshen zafi, ko da ba ka taɓa amfani da ita ba, ruwan yana bi ta cikinta kuma mai yana ɓuya a wurin. Ka zuba maganin wankin lagireto na shago wanda aka rubuta yana cire mai, ko sabulun ruwa marar kumfa. Omo kumfa gare shi, famfon ruwa zai yi ta kaɗa kumfa maimakon ruwa, inji ya yi zafi allurar zafi ba ta nuna ba. Soda kuma, wadda mata ke haɗa sabulu da ita, kada ta kusanci motarka, alminiyam take ci, na ga lagireton da ta mayar rariya. Ka bar injin ya yi kamar minti 20 da zafinsa, ka kashe, ka jira ya huce, ka zubar, ka sake. Sau uku, sau huɗu, har sai ruwan ya fito garau. Kada ka yi gaggawa ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, nan ne za ka tsaga kan injin da gaske.

Tankin roba na gefe a cire shi a wanke daban. Murfin lagireto a sa sabo. Tiyoyi ka matsa su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi laushi a canza, mai ya riga ya cinye shi ta ciki, a hanya zai fashe maka.

In ka zo cikawa, don Allah ba ruwan burtsatse ba, ba na rijiya ba. Leƙa cikin butar shayinku ka ga farin abin da ya daskare, haka yake yi a hanyoyin lagireto. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, na Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa, a sabuwar mota yana kai kilomita 160,000, bayan nan duk 80,000. Jan kuma shi ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, ruwan fa na ce, ba asid ba. Wajen lita 10 za ta sha. Ka kula da na bakin titi, wani ruwa ne da kala kawai. Tsohon da ka zubar kuma kada ka bar shi a kwano a tsakar gida, zaƙi gare shi kuma guba ne, akuya ko yaro ya sha an shiga uku.

Sati na farko za ka iya ganin ɗan maiƙo a murfi, wannan ragowa ce ta gaske, ka goge ka sa ido, in yana raguwa lafiya, in yana ƙaruwa ka kira ni. Yanzu dai turo min hoton sandar man da na robar nan gobe da safe, ka kuma gaya min giyar hannu ce ko otomatik. Ana kiran magariba, sai anjima.